Gwangwanin Man Zafi

"Ummukulsum, mene ne wannan?"

Gabanta ya yanke ya faɗi. Tun da Musaddiq ya fara zuwa zance gidansu bai taɓa kiran sunanta cikakke ba. Ummuna yake cewa, har ƙawayenta suka mai da abin tsokana. Yau ga shi tsaye a zaure da la'asar sakaliya, ɗan gwangwanin man zafi a buɗe a tafin hannunsa, yana kallonta kamar bai taɓa ganinta ba.

Laifin jakarta ne. Waya ta zo cirowa don ta nuna masa lallen da ta zana wa wata amarya a Zango, sai gwangwanin ya biyo wayar ya faɗo, ya gangara har gaban takalminsa. Ya ɗauka yana dariya, wai dama mura ke damunsa, bari ya shafa na amaryarsa ko ya fi saurin warkewa. Da ya buɗe babu mai a ciki. Ƙananan ƙwayoyi ne farare.

"Magani ne..." ta ce.

"Maganin me?"

Ta sunkuyar da kai.

"Na san su, Ummu! Wallahi ko ido a rufe na san su. Irinsu na riƙa tsinta a aljihun Yaya Yahya, a ƙarƙashin katifarsa, har cikin safa. Shi ma magani yake cewa!"

Babu wanda bai san labarin Yahya ba a unguwar. Tela ne mai hannu, yayan Musaddiq uwa ɗaya uba ɗaya, ƙwaya ta shiga rayuwarsa ta yi kaca-kaca da ita. Wata rana ya haɗa ta da maganin tari na kwalba, ya kwanta barcin rana, bai sake tashi ba. Tun daga nan mahaifiyarsu Hajiya Zakiyya, da suke kira Umma, ko maganin ciwon kai aka miƙo mata sai ta kau da fuska.

"Ba irin na Yaya Yahya ba ne, Yayana. Likita ce ta..."

"Likita? A gwangwanin man zafi? Ina kwalinsa? Ciwon me kike yi da ban sani ba, alhali an kusa ɗaura mana aure?"

Amsar kalma ɗaya ce, tana nan a kan harshenta, amma ba ta da ikon furta ta. Farfaɗiya.

Tana sakandare ciwon ya fara kayar da ita. Da aka je asibiti aka ɗora ta a kan wannan magani, ya riƙe ta, har faɗuwar gaban nan mai tsanani da ke taso mata haka siddan ta lafa. Ta koyi lalle da gyaran amare, ta yi suna, amare na layi a kanta tun daga cikin Daura har Baure. Sai dai saurayinta na farko, Sada, ranar da ta gaya masa gaskiya ya ce zai je ya dawo, har yau bai dawo ba. A ranar mahaifiyarta Inno ta kama hannuwanta biyu tana kuka ta ce, "Idan kika sake gaya wa wani ɗa namiji kafin a shafa fatiha, ban yafe ba."

Inno ba muguwa ba ce, tsoro ne ya yi mata yawa. Ko sunan ciwon ba ta faɗa, "abin nan" take cewa. Duk sanda aka karɓo magani sai ta ɓare ƙwayoyin ta juye a gwangwani, kwalin kuma ta jefa shi murhu, kada wani mai karambanin karatu ya gani. A ganinta dabara ce ta gidan duniya.

"Ki yi magana mana, Ummuna..." Muryarsa ta karye. "Wa ya koya miki? A gidajen bikin nan ne?"

"Babu wanda ya koya mini."

"To ki ji. Ba zan gaya wa Umma ba. Ba kuma zan fasa ba, wallahi ko duniya za ta taru a kaina. Na yi sake da Yaya Yahya, ina gani ina kau da kai, har muka ɗauke shi a makara. Ke ba zan yi sake da ke ba. Ki yi mini alkawari daga yau kin bari."

"Yayana, ba a barinsa haka..."

"Haka shi ma yake cewa! Idan kina sona, ki ce wallahi."

Hawaye ne a idonsa, namiji guda. Ta dubi ƙofar cikin gida, inda ta san Inno na zaune tana tsince shinkafa, ta dube shi. Ta ce wallahi.

Ya rufe gwangwanin ya jefa a aljihun gaban rigarsa.

Tana shiga gida ta zube gaban Inno ta kwashe komai ta faɗa mata. Inno ta ajiye faifan, ta sauke ajiyar zuciya.

"Alhamdulillahi da bai gane ba."

"Inno! 'Yar ƙwaya fa ya ɗauke ni!"

"To sai me? 'Yar ƙwaya tana tuba a manta. Mai abin nan fa? Wa ya taɓa mantawa? Ko kofin ruwa ba za su sake haɗawa da ke ba."

"Dakta Firdausi ta ce ba a yanke shi farat ɗaya. Ta ce ko za a daina, ita za ta riƙa rage mini a hankali. Ta ce in na bari da kaina ciwon zai dawo, ya fi na da muni. A gabanki ta faɗa, Inno."

"Su likitoci ai haka suke, ba sa so a ce an warke. Yaushe rabonki da faɗuwa? An daɗe, har na manta. Allah Ya yaye miki, 'yar nan. Ki daure a ɗaura auren nan, in kin shiga ɗakinki sai ki san yadda za ki lallaɓa shi."

"Bari in koma asibiti gobe, ko..."

"Ana gab da bikinki a gan ki a layin masu abin nan? Kin san ko ido nawa ne a garin nan? Ba inda za ki."

Haka ta zauna tsakanin ban yafe ba da wallahi, ta rasa wacce za ta karya.

Kwanakin farko ta ɗauka abin zai zo da sauƙi. Daga nan barci ya ƙaurace mata. Gumi ya riƙa karyo mata ko ana sanyi. Ƙarar faɗuwar murfin tukunya sai ta zabura, zuciyarta na dukan ƙirji kamar za ta fito. Abin da ya fi ɗaga mata hankali hannunta ne. Ita da ake cewa layinta ko da abin awo aka ja shi sai haka, yanzu in ta riƙe ledar lalle sai ta ga bakin yana karkarwa.

Musaddiq bai taɓa kula da ita kamar a lokacin ba. Daga rumfarsa ta hatsi sai ya biyo da kankana, da nono mai sanyi, da dabino. Ya zauna ya ƙura mata ido, tausayi kamar ya kashe shi.

"Kin rame, Ummuna."

"Ba na barci, Yayana. Dubi hannuna."

"Na gani. Dafin ne yake fita. Ki daure, saura kaɗan. Wallahi ban taɓa alfahari da ke kamar yanzu ba."

"In na ce maka akwai abin da ba ka sani ba fa?"

"Ba na son sani. Abin da ya wuce ya wuce, na yafe tun kafin ki faɗa."

Ta yi murmushi, hawaye na zuba. Wai ya yafe! Ta so ta kama rigarsa ta girgiza shi ta ce tambaye ni mana, ka matsa mini har in faɗa. Amma shi ya riga ya ba wa kansa amsa, ya gamsu da ita.

Don ya faranta mata rai ya ce, "Ba ni labarin lallen nan naki na sirri."

Akwai wani zane da ta daɗe tana ajiye da shi a ranta, ba ta taɓa yi wa ko wace amarya ba. Reshe ne siriri da zai taso daga wuyan hannu, ya zagaye tafi, ya ƙare a kan yatsan zobe da harafin farko na sunansa ɓoye cikin ganye. Da hannunta na dama za ta zana shi a na hagu ranar ƙunshinta.

"Sai ka nemo harafin da kanka," ta ce.

"In na kasa fa?"

"Sai ka biya tara."

Ya yi dariya har da dukan cinya. Ta bi aljihun rigarsa da kallo, ta ga shatin gwangwanin. Bai yar ba. Ya taɓa ce mata tsoro yake ji ya jefar wani yaro ya tsinta, a gida kuma Umma za ta iya gani, shi ya sa duk rigar da ya sa sai ya mayar da shi ciki. Ga maganinta nan, miƙa hannu kawai za ta yi. Ta sunkuyar da kai ta ci gaba da juya dabino a hannunta.

Ranar da abin ya faru da hantsi ne. An kawo wata amarya, Fadila, gyaran jiki, tsakar gida cike da mata ana ta shewa. Ummukulsum na tsugune gaban murhun gawayi tana dafa halawa, sukari da lemon tsami na tafarfasa a tukunya, tana juyawa. Sai ta ji wani wari kamar na roba mai ƙonewa, wanda ta san ita kaɗai ke jin sa. Wani abu ya taso mata daga ciki zuwa maƙogwaro. Ta san shi. Ta buɗe baki ta ce, "Inn..."

Sauran labarin daga baya ta ji shi.

Gaba ta kife, hannunta na dama ya nutse cikin tukunyar. Matan da ta yi wa ado shekara da shekaru suka watse kamar an jefa dutse cikin kaji. Wata na cewa aljanu ne a kawo tazargade, wata na cewa kada wanda ya bari yawunta ya taɓa shi, wata ta rarumo cokali wai a cusa mata a baki. Inno ce ta ture mai cokalin, ta janye 'yarta daga wuta, ta kwantar da ita ta gefe ɗaya kamar yadda likita ta koya mata, ta ɗaga murya yadda har maƙwabta suka ji.

"Farfaɗiya ce! Farfaɗiya take yi! Ku nemo mota, jama'a, 'yata za ta mutu!"

Ranar ce Inno ta fara kiran ciwon da sunansa.

A da in ya kayar da ita, kafin a ɗebo ruwa ya sake ta. Wannan karon yana saki yana sake kamawa, tun daga gida har asibiti, sai da aka yi mata allura aka sa mata abin numfashi. Musaddiq na kasuwar Mai'adua aka kira shi. Ya iso da ƙaiƙayin gero a jikin rigarsa, takalmi ƙafa ɗaya, daidai lokacin da Dakta Firdausi ta fito tana tambaya.

"Yarinyar da ba ta taɓa saɓa ranar ganin likita ba! Wa ya ce ta daina shan maganinta?"

Inno ta rufe fuska da mayafi. Musaddiq ya sa hannu a aljihu ya ciro gwangwanin.

Likitar ta buɗe, ta daɗe tana kallon ƙwayoyin, sannan ta dube su su biyun. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi musu sauƙi.

"Malam, gaskiya ne akwai masu shan wannan don maye, yana kuma kashe su. Ita kuwa shi ke riƙe da ita. Ko mai shan sa don maye ba a ƙwace masa rana ɗaya, asibiti ake kawo shi. Inna, kwalin da kike ƙonawa, da yana nan da ya yi mata shaida."

Ummukulsum ta rayu. Hannun ne bai dawo ba. Da aka kwance bandeji, yatsu uku sun ƙanƙance sun manne, fatar ta yi tamau. Likitoci suka ce da gashi da motsa jiki wataƙila ta riƙe cokali. Ba wanda ya yi maganar ledar lalle, ita ma ba ta tambaya ba.

Hajiya Zakiyya ta zo dubiya da kwanon farfesu. Ta zauna bakin gado ta shafa kan Ummukulsum, ta yi kuka na gaske, ta yi addu'a mai tsawo. Ko kallon inda Inno take ba ta yi ba. Bayan an sallamo su, kawun Musaddiq ya zo ya gana da nata kawun a zaure, suka yi magana ƙasa-ƙasa, aka ce a yi haƙuri, an fasa auren.

Ummukulsum ba ta yi mamaki ba. Ta ci kukanta a ɗaki ta ƙoshi, ta wanke fuska da hannu ɗaya.

Sai da aka kwana biyu sannan Musaddiq ya zo. Zauren nan dai, tabarmar nan dai, rana ta yi sanyi. Ya rame har ya fi ta. Ya zauna nesa, ya kasa ɗaga ido.

"Ina wuni, Yayana."

"Kada ki gaishe ni, Ummu. Ni na ƙona ki."

"Tukunya ce ta ƙona ni."

"Na durƙusa wa Umma. Na kama ƙafafunta. Na turo mata limamin unguwa, na turo ƙannenta. Ta ce ba ta ƙi ki ba, ta ce kin fi ƙarfin a ƙi ki. Amma ta binne ɗa guda saboda ƙwayar nan, ba za ta iya kwana tana tashi da sanin tana cikin gidan ɗanta ba, tana jiran ranar da za a ce wani bai farka ba. Kuma an ɓoye mata. Na ce zan yi ko ba ta so... Ta ce in na yi, ba ta yafe ba."

Ummukulsum ta yi wata 'yar dariya mai ciwo.

"Ashe duk iyaye mata kalma ɗaya suka iya."

"Ki ce in bijire mata, Ummuna. Wallahi kika ce in yi, zan yi."

"Ba zan ce ba. Na san nauyin kalmar nan, ni ta danne har na faɗa wuta. Ba zan so ka ɗauke ta a kanka saboda ni ba."

Ya kifa kai a gwiwa. Can ya ɗago, idanu jajur.

"Me ya sa ba ki gaya mini ba? Kalma ɗaya fa! Kullum yana aljihuna, ina zaune gabanki ina kallon hannunki na rawa, ina ce miki ki daure..."

"Na ce maka magani ne."

"Kin ce."

"Na ce likita ce ta ba ni. Na ce ba a barinsa haka."

"Kin ce, Ummu. Duk kin ce."

"Yaya Yahya kake gani, ba ni ba. Ban riƙe ka ba, Yayana. Ni ma da na yi ƙarfin hali na faɗa, ko da Inno za ta yi fushi, da yanzu ta huce."

Wayarta ta yi ƙara a cinyarta. Lokacin magani ne. Ta jawo jaka da hannun hagu ta ciro kwali, sabo, da sunanta a rubuce da yadda za ta sha. Ta zaro katin ƙwayoyin, ta dafe shi da gwiwa tana ƙoƙarin ɓallo ɗaya da babban yatsa, katin na zamewa. Kullum Inno ke yi mata. Ta sake gwadawa, ya faɗi kan tabarma.

Ta dube shi.

"Ɓallo mini."

Ya matso. Ya karanta sunanta a jikin kwalin, ya karanta ƙa'idar, ya ɓallo guda ɗaya kamar yadda aka rubuta. Ta buɗe masa tafin hannunta na hagu, fari tas, babu ko ɗigon lalle. Ya daɗe yana kallon tafin kafin ya ajiye ƙwayar a tsakiyarsa. Ya tsiyayo ruwa a kofi ya riƙe mata har ta haɗiye.

"Ka gani?" ta ce. "Shi ke nan fa. Abin da aka yi ta ɓoyo ke nan."

Kukan da yake dannewa ya ƙwace masa. Ita ma ta bar nata ya zubo, ba ta share ba. Daga cikin gida ana jin sheshsheƙar Inno a bayan ƙyaure.

Da aka fara kiran magariba ya miƙe. Ya ciro gwangwanin daga aljihu, babu komai a ciki, likita ta juye tun a asibiti. Ya miƙo mata, sai kuma ya fasa.

"Ki bar mini wannan."

"Me za ka yi da shi?"

"Ban sani ba. Na saba da nauyinsa."

Ya kai bakin ƙofa ya tsaya, bai juyo ba.

"Harafin nan... a ina za ki ɓoye shi?"

Ta ɗaga hannun hagu, ta taɓa gindin yatsan zobe da ƙonannen yatsanta.

"A nan. Ka juyo ka gani."

Bai juyo ba. Ta ga kafaɗunsa na girgiza, ya sa kai ya fita. Bai tayar da babur ɗinsa ba, tura shi ya yi, tana jin ƙarar tayoyin a kan tsakuwa har ya sha kwana. Ta zauna da hannun a ɗage, yatsanta a kan gurbin, har Inno ta leƙo ta ce ta taso ta zuba mata ruwan alwala.